Amarya Ba Ta Shiga Gari da Jarka a Ka

Tun da na dawo daga Arewa ba ku bar ni na sha shayi da daɗi ba. In na zauna a tasha, wannan ya ce yaya hanya, wancan ya ce yaya Baba Ilu, wani kuma ya ce wai da gaske ne jaki ya ja motarmu muka shiga Gaya. Ba jakin da ya ja motarmu. Akwai jaki a labarin, amma ba nan yake ba. Na gaji da maimaitawa, kuma duk wanda na faɗa wa sai ya ƙara nasa gishirin kafin maganar ta kai ƙofar masallaci. Shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya. Karatuna bai yi nisa ba. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa, kada ya zo ya same ni.

Yaran yanzu ba su san Baba Ilu ba sai a matsayin tsohon da ke zaune jikin bango yana tambayar waye ya wuce. Ni a hannunsa na koyi tuƙi. Ina saurayi mahaifina ya kai ni wurinsa a tsohon Zongo, can cikin garin Lome, lokacin da in ka fito alwalar asuba kana jin ƙugin teku, kana jin ƙamshin koko da ƙosai tun daga lungun mahauta. A lokacin in Baba Ilu ya danna ham a bakin layi, mata sun san albasa ta iso.

Motarsa bashe ce, mai rumfar tampol a baya. Ranar da ya saye ta ya sa mata suna Amarya, sunan kuma ya bi ta har ta yi furfura. Ƙofar dama da igiya ake ɗaure ta. Amma ba ta taɓa kwana a daji ba, wannan shaida zan ba ta ko a gaban alƙali.

Mutumin Dogon Dutsi ne, can ƙasar Nijar. Da ƙafa ya bar garinsu yana matashi, a bayan shanun wani fatake. Labarin na ji shi har na haddace. Wai da suka kai bakin gari sa'o'insa suka rako shi, ɗaya mai suna Ɗan Tani ya ce, “Ilu, ka lallaɓa takalman nan, da su za ka dawo.” Aka yi dariya. Nan ya rantse ba zai sake taka garin ba sai a cikin motarsa ta kansa. Da Allah ya ba shi motar, sai ya zama bana aiki ya yi yawa, baɗi in sha Allahu. Baɗi ta zo ta wuce. Matarsa ta rasu. Aka rushe mana Zongo aka watso mu nan bakin hanyar arewa, inda ko iskar teku ba ta isowa. Yanar ido ta rufe masa gani, ƙafafunsa suka fara kumbura, mota ta dawo hannuna ina kawo masa abin cefane.

Wata safiya ya aika aka kira ni.

“Garba, ka duba Amarya. Gida za mu.”

Na ce, “Baba, akwai manyan motoci masu zuwa Doso. In zaunar da kai a gaba kusa da direba, ko girgiza ba za ka ji ba.”

“Motar wa?”

“Ta masu ita.”

“To ka ji.”

Ya ce, “Nan da aka kawo mu ni baƙo ne. Ban san hanyar masallaci ba sai an ja ni. In dai baƙunta ce, gara in je in yi ta a inda aka binne cibiyata. Kuma ina da ƙanwa, Kande, in tana raye.”

Haka muka tashi, ni da shi da buhun garin rogo da gishiri na tsaraba.

Tun ba mu fita Lome ba aka tsare hanya, wai Babba, shugaban ƙasa, zai wuce. Kun san yadda ake yi. Mata da atamfar jam'iyya suna rawa a tsakiyar rana, soja na duba wanda bai tafa ba. Na fito na tsaya jikin mota. Baba ya leƙo ya ce me ake yi. Na ce tafi. Ya ce, “Tafa har da nawa, hannuna ya gaji tun bara.”

Da aka buɗe hanya ya ce in bi ta tsohon Zongo. Na bi. Ya ce me nake gani. Na ce fili, da wasu dogayen gine-gine da ake ɗorawa. Ya ce itacen nan na ƙofar masallaci fa, inda direbobi ke cin waken Hajiya? Na ce babu. Rijiyar gidan mai unguwa? Babu. Ya juya fuskarsa wajen tagar kamar mai gani, ya daɗe, sannan ya ce, “Tuƙa.”

A iyakar Hilakonji na ga bambancin ƙasa da ƙasa. A ɓangarenmu katin jam'iyya aka fara tambaya kafin takardun mota. Da muka tsallaka ƙasar Binin kuwa kowa kamarad ne, babba da yaro. Wani jandarma da ko gemu bai tsiro masa ba ya leƙo ya ce da Baba, “Kamarad, sauko.” Baba ya ce da ni, “Me ya kira ni?” Na ce wai aboki, haka gwamnatinsu ta ce a riƙa kiran kowa. Ya ce, “Tambaye shi, da ubansa muka yi wasan ƙasa ko da kakansa?” Ban tambaya ba. Goro dai iri ɗaya suke ci da namu, kamarad ko ba kamarad ba.

A Zongon Kwatano muka sauka gidan tsohon mai masaukinsa. Ashe ya rasu, ɗansa ya karɓe mu. Ya yi mana kirki, amma bai san Baba ba, sai “sannu tsoho, sannu tsoho.” Wannan shi ne abin da ya yi ta faruwa duk hanya. Baba ya kira suna, a ce Allah ya ji ƙansa. Ya ce a tsaya wajen mai tuwon nan na gindin mangwaro, a tarar an yi shagon taya. Har na daina faɗa masa mun iso wuri, sai in wuce kawai.

Bayan Bohikon, inda hanya ta fara hawa, Amarya ta yi tari na farko. Na taka mai, ta ja, ta saki, ta ja, kamar mai shaƙuwa. Na ce man kwalba ne da na saya a bakin hanya, da datti. Na tsaya na ɗaga kapo, murfin inji, na cire matatar mai na wanke, na hura tiyo har kumatuna suka yi zafi. Ta tashi lafiya. Baba ya karkata kunne yana saurarenta. A Dasa ta sake, a kan tudu, wata babbar mota na bina tana zagin uwata da ham. Na kwance bujiya, wato fulogi, ɗaya bayan ɗaya, wuta na nan shuɗiya. Na buɗe delko mai raba musu wuta na goge. In ta huce ta tashi, in ta yi zafi ta ga tudu sai ta tuna ciwonta. Na jiƙa tsumma na naɗa mata, muka lallaɓa har Faraku.

Faraku kam an ci abinci. Sakwara da wagashi, cukun Fulanin can da suke soyawa su jefa a miya. Mu a Lome da tuwon masara mai tsami muka girma, su kuwa in ba a daka doya ba wai ba a ci abinci ba. Baba ya ci loma kaɗan ya ture. Na lura takalmansa sun daina shiga, sai ya taka bayansu.

Kafin Kandi, a wani daji da babu ko bukka, Amarya ta yi tari ta mutu. Na buga, inji na juyawa, ba ya kamawa. Na fito na tsaya ina kallonta, raina a ɓace.

Baba ya ce, “Ka gama zargin mai kwalba?”

“Na gama.”

“Ka gama da bujiya?”

“Na gama, Baba.”

“To cire tiyon da ya shiga kabireta, ka riƙe bakinsa. Ni zan murɗa makulli.”

Ya lalubo makulli ya murɗa. Na zuba ido a bakin tiyo. In abu na lafiya, mai zai riƙa tsartuwa ne da ƙarfi, tsit, tsit, daidai da juyin inji. Wannan kuwa sai ɗigo.

“Yaya fitsarin nata? Irin na yaro ko irin nawa?”

“Irin naka, Baba.”

“Zaro sandar baƙin mai ka ba ni.”

Na zaro. Tun kafin in miƙa na ga mai ya haura alamarsa, alhali ban ƙara ba. Ya kai hanci ya sunsuna, ya murza da yatsa. Ya miƙo mini. Baƙin mai ya tsinke kamar ruwa, warin fetur kawai yake.

“Fatar pompi ta yage,” in ji shi. “Tun Bohikon take gaya maka.”

“Me ya sa ba ka faɗa ba?”

“Ina fatan ƙarya kunnena yake.”

Ga wanda ba direba ba, pompi wani ƙaramin abu ne kamar gwangwanin madara a jikin inji. Shi ke tsotso mai daga tanki ya tura wa kabireta. A cikinsa akwai fatar roba da ke bugawa sama da ƙasa. In ta yage, ba ta tura mai gaba, sai ta riƙa zubar da shi cikin inji. Baba ya dafa ƙirjinsa ya ce, “Ni da ita ciwonmu ɗaya.” Na yi kamar ban ji ba.

Dabarar daji kowa ya san ta. Na toshe tiyon tanki, na tsotso mai da baki na cika jarka, na ɗaure ta a kan rufin mota, na jawo dogon tiyo ta gefen kapo har kabireta. Mai ya sauko da kansa. Amarya ta tashi. In jarka ta ƙare in tsaya in sake tsotsa. Har yau in na yi gyatsa ina jin hanyar Kandi a maƙogwarona.

A Kandi makanikai suka taru suna kallonta kamar an kawo kura kasuwa. Ɗaya ya ce irin wannan pompi rabonsa da gani tun yana yaron shago. A Malanbil, duk girman kasuwar nan, babu. Muka hau gadar kogin Kwara. Baba ya ce, “Ruwa nake ji?” Na ce shi ne. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu har muka tsallaka.

Shigarmu Gaya ke da wuya, wasu mata a bakin hanya suka ga jarka a sama da tiyo na lilo, ɗaya ta ɗaga murya ta ce, “Mai mota, tallan me take yi? Kalanzir ko man gyaɗa?” Suka fashe da dariya. Idon Baba ne ya mutu, kunnensa na nan.

A masauki ya kasa kwanciya. In ya miƙe numfashi ya tsaya, sai na jingina shi da bango na sa masa buhun gari a baya. Na ce, “Baba, da jarkar nan gobe war haka kana gidanku. Mu tafi.”

“A'a.”

“Jikinka ba na jira ba ne.”

“Na sani. Amarya ba ta shiga Dogon Dutsi da jarka a ka.”

“Wa zai gani? Kai ma ba ka gani.”

“Ɗan Tani zai gani.”

Na ce a raina Ɗan Tani ƙila ƙasa ta daɗe da cinye shi. A fili na ce, “In ka mutu a Gaya fa?”

“To ka binne ni a Gaya. Ka ce musu na kusa.”

Ban taɓa jin haushin mutum da tausayinsa a lokaci ɗaya kamar ranar ba.

Da safe na kwance pompin na naɗe a tsumma na shiga gari. Gareji bayan gareji. Wannan ya ce sai Yamai, wancan ya ce in tsallaka Kamba ta Najeriya ƙila a dace. Rana ta take, ƙafata ta gaji. Na ga wani dattijo a gindin itacen bedi na ce, “Baba, don Allah ina ake samun pompi a garin nan?” Ya nuna mini wani lungu ya ce in miƙe, ba zan ɓata ba. Na yi murna. Na miƙe, na sha kwana, sai ga ni a tsakiyar mata da bokitai da tuluna, sun yi layi a gaban famfon ruwa. Su can famfon ruwa ne pompo. Dattijo ya ga mutum ya yi gumi, ya ɗauka ƙishirwa ce.

Na tsaya kamar gunki. Wata ta ce, “Malam, ina bokitinka?” Na ce ba ruwa nake nema ba, motana ne ya lalace, pompinsa ya mutu. Sai dariya ta tashi. Wata tsohuwa da ke zaune a kan turmi, makullin famfon a ɗaure a bakin zanenta, ta ce, “Kai ɗan ina ne, da mota ta zama namiji a bakinka?”

“Ɗan Zongon Lome, Inna.”

“Na ji alama. Ku ne masu cewa matana ya haihu.”

Ni da nake ganin Hausa tawa ce tun daga nono, sai ga shi a Gaya ana yi mini gyara a gaban mata. Ta ce in buɗe tsumman. Na buɗe. Ta karɓa ta juya shi, ta daina dariya.

“Irin wannan mai gidana yakan kwance a kan tabarmata, ya ɓata mini ita da baƙin mai. Motarka mai rumfa ce?”

Sunanta Inna Haɗiza. Ta ba wata makullin famfo ta ce in biyo ta. Muna shiga gidanta na ga Amarya. Wallahi sai da na ja baya. Irinta sak, har launin, sai dai wannan tana kan duwatsu, ba taya, kaji sun yi gida a kujerar gaba. Mijinta direban albasa ne, hanyar Lome yake bi, ya rasu da daɗewa. Na ɗaga kapo da izininta. Pompi na nan, ƙura kawai.

Na fara maganar ciniki. Ta ɗaga hannu.

“Makanikan garin nan duk sun zo. Ko ƙusa ban sayar ba, ba kuma zan fara da kai ba.”

Na gaya mata komai, rantsuwar da takalman da jarkar. Ta ce, “Maza dai. Je ka kawo mini tsohon in gan shi.”

Amarya ba pompi, Baba ba ƙafa. Sai na ɗauki hayar amalanken jaki na ɗora shi. To ga jakinku nan, masu tambaya. Baba ya ce in na faɗa a Zongo bai yafe ba, amma tun da wani ya riga ni, gara ku ji daidai.

Da aka sauke shi ya ce a kai shi jikin motar. Ya shafa ta tun daga fitila har ƙofa. Hannunsa ya tsaya a wata lotsawa a gefen hagu. Ya ce, “Baiwar Allah, mijinki ba Mamman ba ne, dogo, wanda ba ya cin kifin teku?”

Inna Haɗiza ta zauna a ƙasa.

“Wannan lotsawar a tashar tsohon Zongo ya same ta. Ina wurin. Wani mai amalanke ne, Mamman ya fito zai yi faɗa, da ya ga mutumin ya girme shi sai ya ɓuge da taya shi kwashe doya.”

“Ni ce mini ya yi saniya ce a hanya.”

“Kunya ya ji.”

Suka yi ta yi. Baba ya ba ta labarin yadda Mamman ke zuwa da kilishinsa a aljihu don kada a ba shi kifi, da yadda yake shiga babbar kasuwa sayen atamfa, matan kasuwa na yi masa yarensu na Mina yana mayar musu da Zabarmanci, kowa na ihu, a ƙarshe a rabu ana dariya. Ta shiga ɗaki ta fito da wata atamfa da ta koɗe ta sa masa a hannu. Ya shafa ya ce, “Ta Lome ce.” Ni dai ina tsaye ina kallon rana na tafiya.

Can ta share ido ta ce da ni, “Ɗan Zongo, cire. Ba sayarwa na yi ba, kada ka sa hannu a aljihu. Amma naku da ya mutu ka ɗaura mata a wurin. Ba za a bar ta da rami a jiki ba.”

Na kori kaji na sa sifana. Noti biyu ne, amma tsatsa ta kama su, sai da na jiƙa su da kalanzir na jira. Da ya fito, tsorona ɗaya, kada fatar ta bushe don daɗewa. Na wanke shi da fetur, na toshe bakin da yatsa na danna hannunsa. Ya kama yatsana ya yi ƙara kamar kwaɗo. Baba daga inda yake zaune ya ce, “Yana da rai.” Na ɗaura namu a jikin motar Mamman, na ɗaure notin tsaf kamar gobe za ta hau hanya, Inna Haɗiza na tsaye a kaina tana dubawa.

A masauki na yanka kwalin sukari daidai bakin pompi don kada ya yi yoyo, na shafa masa giris. Wajen sa shi sai an lallaɓa, hannun nan nasa dole ya zauna daidai a kan abin da ke buga shi a cikin inji, in ya goce ka ɗaure banza. Na juye baƙin man da fetur ya ɓata na zuba sabo. Na mayar da tiyon tanki, na bar na kabireta a hannuna. Baba ya murɗa makulli. Shiru, shiru, sai tsit, har cikin idona.

“Fitsarin na wa?”

“Na yaro, Baba. Ɗan kaciya ma.”

Na hau na kwance jarka na jefa ta baya.

Daga Gaya zuwa Doso, daga Doso muka karkata gabas, Amarya ko tari. Baba kuwa magana ta ƙare masa, sai numfashi. Da duwatsun garinsu suka bayyana na ce, “Baba, ga dutse.” Ya ce in tsaya. Na tsaya.

“Sauka ka zagayo.”

“Baba, ba ka gani.”

“Kai kana gani. Rantsuwar ba da direba na yi ta ba.”

Na ja shi ya zauna a mazauninsa. Ya gyara hula. Ya kama sitiyari. Ya sa giya ba ko ƙara, yadda ni har yau ban iya ba. Na matso jikinsa, hannuna ɗaya a kan birkin hannu, ina cewa dama kaɗan, miƙe, hagu, akuya Baba, akuya! Ya ce, “Na ji ta.” Muna shiga gari ya danna ham irin na bakin layin Zongo, dogo ɗaya gajere biyu. Mutane suka fito suna kallon tsohuwar mota da tsohon da ke kallon sama yana tuƙi.

Ya tsaya a inda ya ce nan ne kasuwa. Ba kasuwa ba ce yanzu. Na leƙa na tambayi wasu dattawa gidan su Ɗan Tani. Suka dubi juna. Ɗaya ya ce ya ji sunan wajen mahaifinsa, ya rasu tun kafin a yi kwalta. Baba ya ji. Ya ce, “Tambayi Kande.”

Kande tana raye. Ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin ido, muka same ta a ƙofar gida tana tsince wake. Baba ya taka birki ya bar inji na aiki. Ya ce, “Kande.” Ta ɗago ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi guɗa ba. Ta ajiye faifai ta zagaya motar, ta taɓa igiyar ƙofa, ta dawo wajen tagarsa.

“Wannan ce ta hana ka zuwa binne Inna da Abba?”

Baba ya sunkuyar da kai. “Ita ce.”

“Ta tsufa.”

“Ni ma.”

“Ko da ƙafa ka zo, Yaya, ƙofar nan ba a taɓa rufe ta ba.”

Ni na kashe injin, don shi hannunsa ya kasa. Muka kama shi ni da ita muka shigar da shi.

Na ɗauka ta raina abin ne. Sai da la'asar na ga ta sa an shimfiɗa tabarmi a waje, jikin Amarya, ba cikin gida ba. Aka jingina Baba da tayar gaba. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ta nuna motar ta ce, “Ta yayana ce. Da kansa ya tuƙo ta tun daga bakin teku.” Wani ya dube ni, na ce haka ne. Baba yana jin su, yana shan fura a hankali, rabon da in ga ya shanye abu tun Lome.

Na yi 'yan kwanaki. Furarsu ta fi tamu, ba gardama, amma ba su san yaji ba, kuma gaisuwarsu ba ta ƙarewa, sai an tambaye ka gajiya da gida da sanyi da rana ɗaya bayan ɗaya. Ranar da zan taho na kai masa makulli. Ya ce, “Me zan yi da shi? Tafi da ita. In ta zauna nan kaji za su gaje ta.” Matashin kujerarsa kawai ya ce in ciro masa. Da na bar shi yana zaune a kai, Kande na yi masa faɗa ya ƙi shan magani. Masu tambaya ko zai dawo, ba zai dawo ba. Ku yi masa addu'a.

A hanyar dawowa na shiga Gaya. Ban je gidan ba, lungun famfo na nufa da motar, mata na janye bokitai suna cewa ga ɗan Zongo mai mota namiji. Inna Haɗiza na kan turminta, ta zo buɗe ruwan yamma ke nan. Na ce mata tsoho ya isa, da hannunsa ya shiga. Ta ce alhamdu lillahi. Na ɗaga kapo na nuna mata inda pompin Mamman yake. Ta taso ta ɗora tafin hannunta a jikin motar, ta karkata kai tana saurare. Na kai hannu zan kashe inji don mu gaisa sosai.

Ta ce, “Bar shi tukuna.”

Na bar shi. Mata na tsaye da bokitai babu ruwa, makulli na bakin zanenta, kuma ba wadda ta ce ta yi sauri.